Daga Rumfar Takalma: Ƙarfin Bugu Yana Ƙarƙashin Igiya

Makon nan zan ajiye maganar kuɗin mota da wahalar kan iyaka, in ɗauko wata da ta faru a cikin gidana. Maganar ƙwallo ce. Wanda ya ce ba ruwansa da ƙwallo ya yi haƙuri ya karanta, don in dai kana da yaro a Zango, ko kai ba ruwanka da ita, ita da ruwanta da aljihunka.

Masu bin wannan fili sun san sana'ata. Takalman gwanjo nake sayarwa a Kejetia, ina ɗauko dila daga kasuwar Kantamanto ta Ankara, wani lokaci in leƙa Lome. Takalmin ƙwallo yana cikin kayan da suka fi tafiya a rumfata. To kwanan baya autana, mai shekara 14, ya zo taya ni kwance dila ranar Asabar. Sai na ga ya zaro wani takalmi mai ruwan lemo, kusan sabo, ya rungume shi kamar jariri. Ya ce, "Baba, wannan kam kar ka sayar. Wannan yana da bugu."

Na ce, "Takalmin ne yake da bugu?"

Ya sunkuyar da kai. Da na matsa masa sai ya faɗa mini gaskiya. Wai nan da mako 6 za a yi gwajin zaɓen 'yan wasa, abin da yaran nan ke kira jastifai, kuma kocinsu ya ce masa a gaban sauran yara yana da yanka, yana da gudu, amma bugunsa kamar na wanda bai karya kumallo ba. Yaron ya zauna ya yi lissafinsa, ya gano cewa laifin tsohon takalminsa ne.

Takalmin nan ni na san abin da zai kawo mini. Kuɗin cefanen kwanaki ne. Da na hana shi kawai, da magana ta ƙare da fushi. Da na ba shi, da na saya masa ƙarya da kuɗina. Sai na ce masa sai na ga wasansa tukuna. A nan ne kunya ta kama ni, don da na lissafa, rabon da in tsaya bakin fili in kalli yaron nan yana wasa ya fi shekara 2. Kullum ina Ankara, ina Lome, ina rumfa. Mu fatake mun iya aiko da kuɗi, amma tsayuwa bakin fili ta gagare mu.

Ranar Lahadi da la'asar na bi shi filin wata makaranta a wajen Aboabo. Irin filinmu ne da aka sani, wanda ake kira sakora, jar ƙasa da tsakuwa, ko ciyawa ɗaya babu. Minti 15 ya ishe ni. Sau 3 ƙwallo ta zo masa a bakin da'irar gola. Ta farko ya tura ta da cikin ƙafa, ta gangara hannun gola kamar an aika masa saƙo. Ta biyu ya soke ta da tsinin takalmi, ta tafi inda Allah ya nufa. Ta uku ya ce bari ya sa ƙarfi, ya jingina baya, ya ɗaga kai yana kallon raga, ƙwallo ta tsallake katanga ta faɗa wajen mai sayar da koko. Wallahi kamar kaina nake kallo a madubi.

Ni ma na buga ƙwallon yara, wadda muke kira kolts, a tsakiyar shekarun 1980. Lokacin garin nan ya haukace da ƙwallo, don a 1983 Asante Kotoko ta doke Al Ahly ta Masar ta ɗauki kofin zakarun Afirka. Kowane yaro a Zango yana ganin shi ne Abdul Razak na gaba, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1978. Manya kuwa ba su da hira sai ta Baba Yara, wanda haɗarin mota ya raba shi da ƙwallo a 1963, ya rasu a 1969, wanda babban filin wasan Kumasi yake ɗauke da sunansa yau. Ni kuma a wani wasa da manyan mutane suka zo kallo, na samu ƙwallo ni da gola, na soke ta da tsini da dukkan ƙarfina. Ƙwallo ta yi waje, farcen babban yatsana ya yi waje. Bayan an tashi, wani dattijo direban babbar mota da ke zama bakin fili ya kira ni ya ce, "Yaro, wa ya ce maka da yatsa ake bugu? Dubi inda ka ɗaure igiyar takalminka. Nan ne gudumarka." Ya koya mini a cikin 'yan makonni. Sai dai kafin shekara ta zagayo mahaifina ya ɗora ni a motar goro, ƙwallo ta ƙare. Ilimin ya zauna a kaina kusan shekara 40 ba wanda ya tambaye ni.

Kafin in faɗi yadda ake yi, bari in faɗi dalilin da ya sa yaranmu ba sa yi, don ba wauta ce ta hana su ba. Yaron Zango ƙafa ba takalmi yake fara ƙwallo, ko da silifa, a lungu mai tsakuwa. Duk wanda ya taɓa miƙe yatsunsa ƙasa ya kai bugu, yatsun suka karci ƙasa, ba zai so ya sake ba. Sai jiki ya koyi ɗaga yatsu sama don kare kai. Na biyu, wasanmu na lungu duwatsu 2 ake ajiyewa a matsayin raga, tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba. Irin wannan wasa yana koyar da yanka da ba da ƙwallo, shi ya sa yaranmu suka gwanance a nan. Amma ba ya koyar da bugun nesa, don wanda ya buga da ƙarfi shi zai je ɗauko ƙwallo a cikin kwata. Sai yaro ya kai shekara 13 ko 14, a tsayar da shi gaban ragar gaske mai faɗin mita 7.32 da tsayin mita 2.44, a ce ya buga daga mita 18, sai a ga ba shi da makami.

To ga yadda dattijon nan ya koya mini, ga kuma yadda na koya wa Auta.

Da farko ka sa yaro ya cire takalmi ya zauna. Ka kama ƙafarsa, ka shafa bayanta, wato samanta. Akwai wani ƙashi mai tauri da ya taso daga gindin babban yatsa ya nufi wuyan ƙafa. In an sa takalmi, igiya a kansa take kwanciya. Wannan wuri yana da faɗi kuma yana da tauri. Tsinin yatsa yana da tauri amma ba shi da faɗi, kuskuren da bai kai faɗin farce ba ya isa ya karkatar da ƙwallo. Cikin ƙafa yana da faɗi, shi ya sa ya fi kyau wajen miƙa wa abokin wasa, amma sai ka buɗe ƙugu kafin ka buga da shi, kuma ƙafa ba ta samun cikakken lilo a haka. Bayan ƙafa ne kaɗai ya haɗa biyun, kuma da shi ƙafa take lilo ta hanyar da ta saba, kamar mai gudu.

Abu na biyu, kuma shi ne uwa uba, wuyan ƙafa. A miƙe yatsu su kalli ƙasa, a ƙame wuyan ƙafa ya sandare. Na ce wa Auta ya miƙe, na kama ƙafar na girgiza, sai lilo take kamar jelar saniya. Na ce masa ya tuna da gudumar mai gyaran takalmin da ke kusa da rumfarmu. In kan guduma yana girgiɗi a jikin ƙota, ko ƙato ne ya riƙe ta, ƙusa ba za ta shiga ba. Ƙarfin da ya taso daga cinya, in ya iso wuyan ƙafa ya tarar da shi sako-sako, nan zai zube, ƙwallo ba ta samu komai ba sai saura. Yawancin yaran da ake ce wa ba su da ƙarfi, ƙarfin yana nan, a wuyan ƙafa yake tsiyayewa. Wata dabara da ke taimakawa ita ce yaro ya dunƙule yatsunsa a cikin takalmi kamar zai damƙi ƙasa da su.

Na uku, ƙafar da ake tsayawa a kai. A kafa ta a gefen ƙwallo, daidai da ita, a bar tazara kamar faɗin tafin hannu ko fiye kaɗan, yatsunta suna kallon inda ake son ƙwallo ta je. In ta tsaya a baya, jiki zai jingina baya, ƙafa ta shiga ƙarƙashin ƙwallo, sai sama. In ta matse ƙwallo, ƙafar bugu ba ta da wurin wucewa. Kuma kar a nufo ƙwallo a miƙe kamar jirgin ƙasa. A ɗan karkato daga gefe, taku 3 ko 4 sun isa, takun ƙarshe ya fi sauran tsawo, don shi yake ba ƙafar bugu damar komawa baya sosai.

Na huɗu, gwiwa da ƙirji da kai. Lokacin da ƙafa ta haɗu da ƙwallo, gwiwar ƙafar bugu tana saman ƙwallo, ƙirji ya ɗan rusuna a kanta, ido yana kan ƙwallo. Raga kafin bugu ake kallonta, sau ɗaya. Na ce wa Auta raga ba ta tafiya ko'ina, tun kafin a haife ka take nan. Ƙwallo ce mai motsi. Hannun da ke ɓangaren ƙafar tsayuwa a buɗe shi gefe, shi ke riƙe jiki kar ya faɗi.

Na biyar, a daki tsakiyar ƙwallo, kuma kar a tsayar da ƙafa a kanta. Lilo daga ƙugu yake farawa, cinya ta taho, sannan ƙwauri ya fyaɗo kamar bulala. A bi ƙwallo da ƙafa har jiki ya tashi ya sauka a kan ƙafar da ta yi bugun. In yaro ya buga ya tsaya cak a inda yake, ko ya koma baya, bai gama bugun ba.

Mai son ya ga wannan da idonsa, gani ya kori ji, ya sa yaro ya nemo masa bidiyon Tony Yeboah a waya. Ɗan garin nan ne, a Kumasi aka haife shi a 1966, ya buga wa Cornerstone kafin ya tafi Jamus, inda ya zama cikin waɗanda suka fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar sau biyu, 1993 da 1994, yana Eintracht Frankfurt. A watan Agusta na 1995, yana Leeds United ta Ingila, an sauko masa da ƙwallo da ka a wajen da'ira a wasansu da Liverpool, ya ɗauke ta a iska tun ba ta taɓa ƙasa ba, ta daki cikin sandar sama ta faɗa raga. Bayan wata ɗaya ya sake yi wa Wimbledon irinta. Na tuna yadda gidan kallo ya kaure, Hausawa da Tonawa kowa yana ihu da yarensa. Amma ku rage gudun bidiyon ku bar kallon raga, ku kalli ƙafarsa: yatsu ƙasa, wuyan ƙafa kamar ƙarfe, kai a sunkuye. Kuma da ƙafar dama ya buga, alhali an fi saninsa da hagu. Sai na Sulley Muntari, ɗan Konongo da ke nan kusa da mu, ranar 2 ga Yuli 2010 a Afirka ta Kudu, wasan Gana da Uruguay, dab da tafiya hutun rabin lokaci. Daga nesa sosai ya sake ta da hagu, ta tafi ta shige ƙasan kusurwa. Abin da ya biyo baya a daren nan kowa ya sani, ba sai na tayar mana da tsohon miki ba.

Yanzu ga aikin da muka yi, ni da Auta, kullum bayan sallar asuba kafin ya yi shirin makaranta ni kuma in kama hanyar kasuwa. Minti 20, ba ƙari. Mmansa ta kafa sharaɗi cewa ranar da ya makara, ko malamin allo ya kawo ƙara, an rufe kulob ɗin.

Makon farko ko ƙasa ba mu ajiye ƙwallo ba. Yana zaune a kan tabarma, ƙafa ba takalmi, ya riƙe ƙwallo da hannu biyu, ya sake ta, ya dake ta da bayan ƙafa ta tashi sama ya cafe. Abin da ake nema shi ne ta tashi ba ta juyawa. In ta juyo wajensa, yatsu sun ɗago. In ta karkace, bai samu tsakiya ba. Sau 30 dama, sau 30 hagu. Ya yi ta gunaguni wai wannan wasan jarirai ne. Na ce to jariri, ci gaba.

Mako na biyu ya miƙe tsaye yana yin haka, yana bugawa jikin bango daga taku 5. Mako na uku muka ajiye ƙwallo a ƙasa, taku ɗaya kawai zai yi ya buga, da rabin ƙarfi. Na zana layi da gawayi a jikin bango daidai ƙuguna, duk wadda ta wuce layin ba a ƙirga ta. A makon nan ne gilashin tagar maƙwabcinmu ya tafi, na biya ina dariyar dole. Daga nan muka koma bayan gida inda ba taga. Mako na huɗu ina gangaro masa ita daga gaba, daga gefe, daga baya, don a wasa ƙwallo ba ta tsayawa ta jira mutum. Sai a mako na biyar na ce ya sa ƙarfinsa duka. Ai kuwa kunne ma ya shaida. Bugun da ya samu wurinsa yana da wata irin ƙara mai nauyi, dum, ba fat ba. Ranar da ya fara jin ta, ya juyo ya kalle ni, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Kullum ina nanata masa ya nemi ƙasa, gefen turke. Gola ya fi saurin miƙa hannu sama a kan ya zube ƙasa, kuma ƙwallon da ta tafi ƙasa ko an tare tana iya dawowa wa abokin wasa. Wadda ta tsallake sanda kuwa sai mai koko.

Bari in sa hular sana'ata in gaya wa iyaye wani abu, ko da zai rage mini ciniki. Kullum ana zuwa rumfata a ce in ba da lamba 42 wa yaron da ƙafarsa 39 ce, wai zai girma a ciki. Na gane, kuɗi ba sa faɗowa daga sama. Amma takalmin da ya yi wa yaro yawa shi ne babban maƙiyin wannan bugu. In ya miƙe yatsu ƙasa, bakin takalmin da ba kowa a ciki shi zai fara tokarar ƙasa, sai yaro ya koma ɗaga yatsu. Tazarar da ta kai faɗin ɗan yatsa a gaba ta isa. Gara tsohon takalmi daidai ƙafa da sabo mai girma. A ɗaure igiya tun daga ramin ƙasa, ƙullin a tura shi gefe ta waje, kar ya zauna a inda ƙwallo za ta sauka. Filin sakora kuma ba ya son dogayen haƙora, a nemi mai ƙananan haƙoran roba masu yawa. Ita ma ƙwallon a duba ta. Ta manya, lamba 5, nauyinta gram 410 zuwa 450 ne. Yaron da bai kai shekara 12 ba lamba 4 ta fi masa. Kuma a hana mai faci ya cika ta da iska kamar tayar tirela, don ƙwallon da ta zama dutse tsoro take koya wa ƙafa. In yaro ya ce gwiwa ko matsematsinsa na ciwo, a huta, kar a ce ragwanci ne.

Na san kuna jiran ku ji yadda jastifai ya ƙare. Na rufe rumfa na je. Yara sun cika fili, kowa da uwarsa ko wansa a gefe. Auta ya samu dama biyu. Ta farko tsohon hali ya dawo, ya ɗaga kai, ta yi sama. Ta biyu ya sunkuya ya dake ta da igiya, ta tafi ƙasa-ƙasa, gola ya kwanta ya ture ta da ƙyar ta yi kwana. Da aka karanta sunaye, ba nasa. Kaɗan aka ɗauka, kuma cikin waɗanda aka ɗauka akwai waɗanda suka fi shi, ban ga zalunci ba.

Muna fita wani mutum mai ƙamshin turare ya tare ni, ya ce ya ga bugun yarona, yana da hanyar Turai, in kawo wani abu na takardu. Na ce masa ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa ganin inda mai kaya yake biyan mai saye ba. Ya yi gaba. 'Yan'uwa, ku kula da irin waɗannan, musamman ku da kuke nesa kuna turo kuɗi ta waya. Garin nan yana da ƙungiyoyin da aka san ofishinsu da masu su, irin King Faisal ta Alhaji Karim Grusah da yara da yawa suka bi ta cikinta. Wanda yake da gaskiya ba ya tare uba a bakin ƙofa.

A cikin mota muna dawowa yaron ya yi shiru har muka wuce Asawase. Can sai ya ce, "Baba, ta farkon nan na ɗaga kai ko?" Na ce ka ɗaga. Ya ce, "Gobe da asuba za mu fita?" Na ce in Allah ya kai mu.

Takalmi mai ruwan lemo na sayar da shi tuni, wani ɗan Tafo ya saya. Auta bai sake tambayarsa ba. Shi dai har yanzu tsohon nasa yake sawa, na kai an ɗinke masa baki, na canja masa igiya. Jibi zan tafi Ankara ɗauko kaya, kwana 3 zan yi, na bar masa aikin ƙafar hagu, 30 kullum, yayarsa ce mai ƙirga kuma ba ta karɓar cin hanci.

Wanda yake kan hanya Allah ya kai shi lafiya, wanda yake rumfa Allah ya kawo kasuwa. In ka sauka gida wannan karon, ka tambayi yaronka ranar da suke wasa. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.